Daga Tarayya Zuwa Jiha: Yadda Haƙƙoƙin Ɗan Ƙasa Suka Hau Kan Gwamnatocin Jihohi a Nijeriya da Kamaru

1.0 Gabatarwa

New Bell unguwa ce babba a birnin Duwala na ƙasar Kamaru. Asalinta shi ne, gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, Jamusawa sun ƙwace filayen 'yan ƙabilar Duwala da ke bakin kogin Wuri, suka ware musu wani wuri can baya domin su koma. Sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell ya ja da wannan shiri, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Daga bisani sai baƙi suka cika wurin: Bamilike da Basa da Beti, da kuma Hausawa fatake waɗanda suka gangaro ta Adamawa, suka biyo ta Ngaundere da Tibati da Yoko har zuwa bakin teku. Har yau akwai ɓangaren New Bell da ake kira unguwar Hausawa.

Mu ɗauka akwai mata uku Hausawa a wancan zamani. Ta farko an haife ta a New Bell, ta biyu tana aure a Mubi, ta uku kuwa tana zaune a Fagge ta Kano. Ta New Bell ta sami ikon jefa ƙuri'a tun zaɓen 23 ga Disamba, 1956, saboda dokar da Faransa ta yi a wannan shekara ta bai wa kowane baligi, mace ko namiji, wannan dama. Ta Mubi ta jefa ƙuri'a a watan Fabrairu na 1961, lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tambayi mutanen yankin ko Nijeriya suke so ko Kamaru, domin Majalisar ta dage sai an bar mata sun yi zaɓe. Amma da yankin ya shiga Jihar Arewa ranar 1 ga Yuni, 1961, sai damar ta kuɓuce mata. Ita kuwa ta Fagge ba ta ga akwatin zaɓe ba sai a 1976, alhali matan kudancin Nijeriya sun yi zaɓen tarayya na 1959.

Harshen waɗannan mata ɗaya ne, addininsu ma ɗaya. Abin da ya bambanta su shi ne gwamnatin da ke kansu, da kuma dokar da ta fi ƙarfin wannan gwamnati. Manufar wannan takarda ita ce ta bi tarihin yadda haƙƙoƙin da aka rubuta cikin kundin tsarin mulkin tarayya suka zo suka hau kan gwamnatocin jihohi. Za a fara da Amurka a taƙaice, saboda a can aka fi daɗewa ana wannan muhawara, sannan a dubi Arewacin Nijeriya, daga ƙarshe a koma Duwala.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kalmar “jiha” ta sauya ma'ana a cikin tarihin da za mu bi. Kafin 1967, idan Bahaushe ya ce “Jihar Arewa” yana nufin ɗaukacin Arewacin Nijeriya, mai hedikwata a Kaduna, wadda aka kasa ta larduna. Daga 1967 ne kalmar ta koma kan irin su Jihar Kano. “En'e” kuwa ita ce hukumar gargajiya da sarki ke shugabanta, mai baitulmali da kotuna da 'yan doka da gidan yari nata na kanta. “Tarayya” ita ce tsarin da aka raba iko tsakanin gwamnatin tsakiya da ta jihohi, kowace da huruminta. “Haƙƙi” a nan yana nufin abin da mutum zai iya nema a gaban alƙali idan hukuma ta tauye masa, kamar 'yancin faɗin albarkacin baki, da na addini, da na a saurare shi kafin a yanke masa hukunci.

3.0 Misalin Amurka

A 1791 Amurkawa suka ƙara gyare-gyare goma a kundinsu, waɗanda suka ƙunshi manyan haƙƙoƙin ɗan ƙasa. Sai dai ba a fayyace ko jihohi ma suna ƙarƙashinsu ba. A 1833 aka kai batun Kotun Ƙoli. Wani mutum mai suna John Barron yana da matsayar jiragen ruwa a birnin Baltimore, sai aikin tituna da hukumar birnin ta yi ya kwararo yashi ya cike wurin, har manyan jirage suka daina tsayawa. Ya nemi diyya bisa haƙƙin da kundin ya ba shi. Alƙalin Alƙalai John Marshall ya yanke cewa gyare-gyaren goma gwamnatin tarayya kaɗai suka ɗaure, ba su shafi jiha ko birni ba.

Bayan yaƙin basasa da 'yanta bayi, aka yi gyara na 14 a 1868, wanda ya hana kowace jiha raba mutum da ransa ko 'yancinsa ko dukiyarsa ba tare da bin ƙa'idar shari'a ba. Ta wannan ƙofa ce Kotun Ƙoli ta riƙa ɗora haƙƙoƙin a kan jihohi, ɗaya bayan ɗaya. A 1925 ta amince cewa 'yancin magana ya hau kan jihohi. A 1963, a shari'ar Clarence Gideon na jihar Florida, ta ce wajibi ne jiha ta ba talakan da ake tuhuma da babban laifi lauya. Hana tarar da ta wuce kima kuwa bai hau kan jihohi ba sai a 2019. Ke nan, a Amurka an fara rubuta haƙƙin ne, sannan aka shafe fiye da ƙarni biyu ana kai shi ƙofar gwamnatin da ta fi kusa da mutum.

4.0 Arewacin Nijeriya

4.1 Halin da Ake Ciki Kafin 1959

Nijeriya ta zama tarayya a 1954, da Jihar Arewa da ta Yamma da ta Gabas. Ga talakan Kano ko Katsina ko Zariya a lokacin, gwamnatin Ikko labari ce kawai. Hukumar da ya sani ita ce En'e: dagaci da hakimi su ke karɓar haraji da jangali, ɗan doka ke kama shi, alƙali ko sarki ke yi masa shari'a, gidan yarin En'e ke tsare shi. Idan za a zalunce shi, a nan za a zalunce shi.

Shari'ar Tsoho Gubba ta 1947 ta nuna irin ruɗanin da ke akwai. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa hukuncin kisa bisa mazhabar Malikiyya. Kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin, ta ce a dokar laifuka ta Turawa laifin nasa bai kai na kisa ba, tun da an tunzura shi ne. Wato ran mutum ya dogara ne ga kotun da aka fara kai shi.

Da siyasar jam'iyyu ta kankama sai matsalar ta ƙara fitowa fili. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ta kuma zama babbar mai adawa da tsarin En'e, ƙarƙashin jagorancin Malam Aminu Kano. Jam'iyyar NPC mai mulki kuwa yawancin jiga-jiganta ma'aikatan En'e ne. Saboda haka mai ba da izinin yin lacca, da mai kamu, da mai shari'a, sau da yawa duk 'yan ɓangare ɗaya ne. An ɗaure 'yan NEPU da dama a kan yin taro ba izini ko zagin sarakuna. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya tana cikin waɗanda suka sha ɗauri sau da yawa.

4.2 Hukumar Willink da Babin Haƙƙoƙi

Da aka doshi mulkin kai, ƙananan ƙabilu a jihohin uku suka nuna tsoron danniyar manyan ƙabilu, suka nemi a ba su jihohinsu. A Arewa masu wannan kuka sun haɗa da Tibi da Birom da sauran mutanen tsakiyar ƙasa. A 1957 gwamnatin Ingila ta naɗa hukuma ƙarƙashin Sir Henry Willink domin ta binciki wannan tsoro. A rahotonta na 1958 hukumar ba ta goyi bayan ƙirƙiro sababbin jihohi ba. Maimakon haka ta ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin kundin tsarin mulki. An yi hakan a 1959, kafin zaɓen tarayya na watan Disamba, aka kuma kwaikwayi yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasashen Turai ta 1950. Waɗannan haƙƙoƙi su ne suka zama babi na uku na kundin 1960 da na 1963.

A nan akwai babban bambanci da Amurka. Su Amurkawan 1791 gwamnatin tarayya suke tsoro. A Nijeriya kuwa tsoron gwamnatocin jihohi ne ya haifi babin haƙƙoƙin tun farko. Don haka babu buƙatar wani dogon jira: kowace jiha tana da nata kundin, amma an bayyana cewa duk dokar da ta saɓa wa kundin tarayya, ko da ta jiha ce, ta ɓaci gwargwadon saɓanin.

Hausawa na cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Gwamnatin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello ta gayyato kwamitin masana shari'a a 1958, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. A cikinsu akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Anderson na Jami'ar Landan, da Wazirin Barno Shettima Kashim. Shawararsu ce ta haifar da kundin dokokin laifuka na Arewa, wanda aka ɗora bisa na Sudan, ya kuma fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960. Daga nan duk kotunan Arewa, har da na alƙalai, da wannan rubutaccen kundi suke hukunta laifi. Shari'ar Musulunci ta ci gaba a kan aure da gado da makamantansu, aka kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Wannan ya dace da wani sashe na kundin tarayya wanda ya hana a hukunta mutum a kan laifin da ba a rubuta shi cikin doka ba.

4.3 Gwajin Farko a Kotu

Rubuta haƙƙi daban, samun sa daban. A 1958 Jihar Arewa ta yi dokar da ta hana yara shiga harkokin siyasa, ta kuma tanadi hukunci ga wanda ya sa su. A 1960 aka ƙalubalanci wannan doka a Babbar Kotun Arewa, a shari'ar da aka sani da Ciranci da Ciranci, bisa hujjar cewa ta tauye 'yancin magana da na taro. Kotu ta ce lalle dokar ta rage waɗannan haƙƙoƙi, amma kundin da kansa ya halatta ragin da hankali zai karɓa a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya, saboda kare tarbiyya da zaman lafiya. Dokar ta tsira. A 1961 wani ɗan adawa daga Ilori, J. S. Olawoyin, ya kai ƙara a kan dokar har Kotun Ƙolin Tarayya, aka kori ƙarar bisa cewa dokar ba ta taɓa shi shi kansa ba.

Duk da cewa masu ƙara ba su yi nasara ba, wani sabon abu ya auku: an ɗora dokar da majalisar Kaduna ta yi a kan ma'aunin kundin tarayya, kuma gwamnatin jiha ta zo ta kare kanta a gaban alƙali.

Har ila yau, kundin na 1960 ya bar wasu giɓi biyu manya domin ya dace da Arewa. Na farko, ya yarda a hana lauyoyi tsayawa a kotunan alƙalai, inda a nan ne ake yi wa mafi yawan talakawa shari'a. Na biyu, sashen da ya hana nuna bambanci ya ambaci ƙabila da asali da addini da ra'ayin siyasa, amma bai ambaci bambancin mace da namiji ba. Hasali ma ya shar'anta cewa mai tsayawa takarar majalisar wakilai a Arewa sai namiji. Wannan shi ne dalilin da ya sa matar Fagge da ta Mubi suka zauna gida ranar zaɓe, ba tare da an karya kundin ba.

4.4 Daga 1966 Zuwa 1979

Abin mamaki, a zamanin soja ne aka rushe yawancin ginshiƙan ikon En'e, alhali su sojan sun ɗora dokokinsu a kan kundin tsarin mulki. Ranar 27 ga Mayu, 1967, Yakubu Gowon ya raba ƙasar jihohi 12, shida daga cikinsu a Arewa. Dokar kotunan yanki ta 1967 ta soke kotunan sarakuna, ta mayar da alƙalai ƙarƙashin sashen shari'a na jiha. A cikin 'yan shekarun nan kuma aka haɗe 'yan doka da 'yan sandan Nijeriya, gidajen yarin En'e suka koma hannun tarayya. A zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a.

Kundin 1979 ya kammala aikin a rubuce. Jihohi, waɗanda suka kai 19 a lokacin, ba su da kundin kansu kuma. Haƙƙoƙin sun koma babi na huɗu, an ƙara jinsi cikin abubuwan da aka hana nuna bambanci a kansu, aka kuma cire togaciyar da ta hana lauyoyi shiga ƙananan kotuna. A farkon shekarun 1980 kotuna suka tabbatar da cewa wanda ake tuhuma da laifi a kotun yanki yana da ikon zuwa da lauyansa.

4.5 Kundin 1999 da Dokokin Shari'a na Jihohi

Kundin 1999 ya gaji wannan tsari. Sashe na 1 ya ɗora shi a kan kowace doka, sashe na 33 zuwa na 46 suka jera haƙƙoƙin da hanyar neman su a babbar kotu. Gwaji mafi girma ya zo ne ranar 27 ga Oktoba, 1999, da Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, jihohin Arewa 11 suka bi sahun Zamfara. Masu goyon baya sun kafa hujja da 'yancin addini da ke sashe na 38 da ikon majalisar jiha na yin doka. Masu suka kuwa sun kafa hujja da sashe na 10, wanda ya hana tarayya ko jiha ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma.

Abin lura ga ɗalibin tarihi shi ne yadda jihohin suka gudanar da aikin a cikin da'irar kundin. Ba su ce alƙali ya buɗe Risala ko Muhtasar ya yanke haddi kai tsaye ba. Sun rubuta kundin laifuka sashe-sashe, majalisa ta zartar, gwamna ya sa hannu, domin sashe na 36 ya hana hukunta laifin da ba rubutacce ba. Haka kuma kundayen ba su sa ridda cikin jerin laifuka ba, tun da sashe na 38 ya ba mutum ikon sauya addini.

A watan Maris na 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Sakkwato ta soke hukuncin jifa da aka yanke wa Safiya Husaini. Cikin dalilanta har da cewa abin da ake tuhumar ta da shi ya auku kafin dokar jihar ta fara aiki, kuma kundin tarayya ya hana doka ta koma baya ta kama mutum. Ranar 25 ga Satumba, 2003, takwararta ta Katsina ta sallami Amina Lawal, bisa hujjoji na fiƙihun Malikiyya da na ƙa'idar zaman kotu. A duka shari'o'in biyu lauyoyi sun tsaya wa waɗanda ake tuhuma, abin da dokar Arewa ba ta yarda da shi ba a 1960.

5.0 Kamaru: Tarayyar da Ba Ta Daɗe Ba

Mu koma New Bell. A shekarun 1950 unguwar ita ce cibiyar jam'iyyar UPC mai neman 'yancin kai. A nan tarzomar watan Mayu na 1955 ta fi tsanani, kuma ranar 13 ga Yuli na shekarar Faransa ta haramta jam'iyyar. Kamarun Faransa ta sami mulkin kai ranar 1 ga Janairu, 1960, ƙarƙashin Ahmadu Ahijo, mutumin Garwa. A ƙuri'ar da aka ambata ta Fabrairun 1961, kudancin Kamarun Ingila ya zaɓi haɗewa da ita. Bayan taron Fumban na watan Yuli, aka kafa Tarayyar Kamaru ranar 1 ga Oktoba, 1961, da jihohi biyu: Kamaru ta Gabas, inda Duwala take, da Kamaru ta Yamma.

Wannan tarayya ta bambanta da ta Nijeriya ta fuskoki uku. Na farko, kundinta bai jera haƙƙoƙi dalla-dalla ba, ya dai bayyana amincewar ƙasar da sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Na biyu, kusan duk wani iko mai nauyi yana hannun tarayya, har ma shugaban ƙasa ya kasa ƙasar yankuna shida, ya naɗa wa kowane sufeto mai karɓar umarni daga gare shi. Na uku, talaka ba shi da hanyar kai doka gaban kotu ya ce ta saɓa wa kundi.

Saboda haka, ga mazaunin New Bell, barazanar daga tsakiya take zuwa. A watan Fabrairu na 1962 an ɗebi fursunoni daga Duwala cikin rufaffen taragon jirgin ƙasa zuwa Yawunde, 25 daga cikinsu suka mutu a hanya. Ranar 12 ga Maris na shekarar Ahijo ya sa hannu a dokar hana zagon ƙasa, wadda aka yi amfani da ita wajen ɗaure 'yan adawa, ba a kuma soke ta ba sai a watan Disamba na 1990. A 1966 aka koma jam'iyya ɗaya, sannan ƙuri'ar raba gardama ta 20 ga Mayu, 1972 ta kawo ƙarshen tarayyar baki ɗaya. Sai a kundin 18 ga Janairu, 1996 aka bayyana cewa haƙƙoƙin da ke cikin gabatarwar kundin doka ce cikakkiya. Majalisar da aka ɗora wa kula da kundin kuwa ba a naɗa mambobinta ba sai a 2018.

Ke nan matar New Bell ta riga 'yar uwarta ta Fagge jefa ƙuri'a da shekara 20, amma daga 1966 zuwa 1990 jam'iyya ɗaya ce tak a gabanta.

6.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna hanyoyi uku. A Amurka an rubuta haƙƙoƙi domin a ɗaure tarayya, kotu ta riƙa miƙa su ga jihohi sannu a hankali. A Nijeriya an rubuta su ne tun farko saboda tsoron jihohi, amma giɓin da aka bari a 1960, game da mata da lauyoyi da kotunan En'e, bai toshe ba sai a 1979. A Kamaru kuwa jihohin ba su yi ƙarfin da za a ji tsoron su ba, kuma ba a bar wa talaka ƙofar da zai kai ƙarar gwamnatin tsakiya ba.

Daga waɗannan misalai za a fahimci cewa haƙƙi yana isa ga mutum ne idan abubuwa uku sun haɗu: a rubuta shi a fili, a bayyana cewa ya hau kan hukumar da ke iya kama mutum ta tsare shi, ko ta Kaduna ce ko ta Yawunde, sannan a sami kotun da talaka zai iya shiga ya nema. Ɗalibin da ke son ƙarin haske zai amfana idan ya zauna da dattawan unguwarsu, a Kano ne ko a Duwala, ya tambaye su wa ke kamu a zamaninsu, wa ke shari'a, kuma ina ake kai kuka idan an yi rashin adalci.